Yadda ake canza rediyon mota ba tare da ya shanye batir ba

Kafin ka sayi komai, auna ramin da ke dashbod. Girman DIN, wato ma'aunin ramin rediyon mota, iri biyu ne: ƙaramin faɗinsa milimita 180, tsayinsa 50, babban faɗi ɗaya ne amma tsayinsa 100. Idan ramin motarka ba ɗaya daga cikinsu ba ne, sai ka nemi firam ɗin da aka yi wa ƙirar motar. Kada rubutun “4x50W” da ke jikin kwali ya ruɗe ka, ainihin ƙarfin masu araha bai cika wuce wat 15 zuwa 20 a kowace sifika ba, kuma ya isa.

Sayi soket ɗin haɗi na ƙirar motarka tare da rediyon, shi ke haɗa soket ɗin motar da wayoyin sabon rediyo. Kuɗinsa kaɗan ne. Yanke soket ɗin asali don a rage wannan ɗan kuɗin ɓarna ce, domin launin wayoyin kamfanin mota ba ya bin launin na sabon rediyo, daga nan sai lalube.

Cire kan batir mai alamar ragi, galibi sufana mai lamba 10 ce ke kwance shi. Ɓamɓare murfin dashbod da abin roba, sukudireba na barin tabo. Zaro tsohon rediyon, cire soket da wayar eriya.

Inda aka fi yin asara shi ne wayoyin wuta guda uku na sabon rediyon. Rawaya tana son wuta a kullum, ita ke riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye. Ja tana samun wuta ne kawai idan an murɗa makulli. Baƙa ta bodi ce. Idan aka musanya ja da rawaya, rediyo zai kama lafiya lau, amma duk sanda aka kashe mota sai ya manta komai. Wasu motocin Volkswagen da Opel a juye suke zuwa, shi ya sa soket da yawa ke da mahaɗi a kan wayoyin biyu don a sauya su. Mafi muni shi ne murɗe ja da rawaya wuri ɗaya a kan wutar kullum, wai don a huta. Rediyon ba zai taɓa mutuwa gaba ɗaya ba, yana ta zuƙar batir, in mota ta kwana biyu a ajiye sai an tura. Saboda haka mayar da kan batir na ɗan lokaci ka gwada da mita: wayar motar da ta nuna bolt 12 makulli na hannunka ta rawaya ce, wadda sai an murɗa ta nuna ta ja ce. Sake cire batir kafin ka ci gaba.

Sifiku kuwa: fara gaba hagu, ruwan toka gaba dama, koriya baya hagu, shunayya baya dama. Mai layin baƙi a jiki ita ce ragi. Kada ragin sifika ya taɓa bodi ko a haɗa na sifiku biyu, hakan na iya ƙona abin ƙara sautin da ke cikin rediyon. In ka juya wayoyin sifika ɗaya, sauti zai fito amma ba nauyi.

Haɗi da dalma ake yi, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Salatif yana saki idan rana ta gasa dashbod. Shuɗiya mai farin layi ta amfilifaya ce, in babu a toshe bakinta.

Mayar da kan batir ka gwada komai kafin ka mayar da rediyon rami: kowace sifika daban, tasha, agogo bayan kashe mota. In bai kama ba, duba fis ɗin bayansa, yawanci mai amfiya 10 ne, kuma da irinsa za a canza. Maɓallan sitiyari suna buƙatar nasu adafta daban.