Babi na 6: Hanta da Karatun Kwalin Magani

Darasi na 1: Ina hanta take?

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. Duk wanda ya kawo wannan babi ya riga ya wuce inda ya fi wuya. Ku ajiye fensir tukuna. Kowa ya ɗaga hannun da yake cin abinci da shi, ya ɗora a kan haƙarƙarinsa na dama, can ƙasa inda ƙashi ya ƙare. To hantarku na nan ciki, haƙarƙari ya rufe ta. Inna, wancan hagu ne, a sauya hannu. Yauwa.

Yanzu a ɗauki fensir. Kalmar gaɓa biyu ce: han, ta. Haruffanta biyar: h, a, n, t, a. A rubuta sau biyar a kan layi. A kula da n ɗin tsakiya, ita ake yawan tsallakewa.

Kun san hanta a teburin mahauci da wajen mai tsire. Ta babban mutum nauyinta ya kai kusan kilo ɗaya da rabi. Abin da kuka ci ko kuka sha, idan hanji ya tsotse, jini yakan fara kai shi wurinta. Ita ke tace guba da magani, ita ke ajiye sukari don lokacin yunwa, ita ke yin ruwan ɗacin nan da ke taruwa a matsarmama yana narkar da maiƙo. Tana da haƙuri ƙwarai. Takan yi shekaru tana lalacewa mai ita yana zuwa kasuwa lafiya lau, sai ranar da ido ya yi ɗorawa, ciki da ƙafa suka kumbura, sannan a ce shawara ce.

Darasi na 2: Kalma ɗaya da lamba ɗaya

Wannan darasi shi ne zuciyar babin. Ko kwana uku zai ɗauke mu, ba za mu wuce shi ba.

Idan sanyin Disamba da Janairu ya sauka a Jos, kowa mura da ciwon jiki. Masu dako, masu haƙar kuza, masu tuƙa Keke Napep, matan da ke wanki da ruwan sanyi tun asuba, duk maganin da ake nema ɗaya ne. Mu farasitamol muke ce masa, wasu su ce Panadol. A jikin kwali ga yadda ake rubuta shi:

Paracetamol

Ku dube shi da kyau. Da P ya fara, da l ya ƙare. Haruffansa 11 ne. Ku sa yatsa ku ƙirga. Ba sai kun iya Turanci ba, siffarsa kawai za ku riƙe kamar yadda kuke gane fuskar maƙwabci daga nesa. A rubuta sau goma.

Kusa da kalmar akwai lamba: 500mg. Ita ce ƙarfin ƙwaya ɗaya. Biyar, sifili, sifili. Idan kun ga wata lamba wadda ta fi 500, lissafin da zan ba ku bai shafe ta ba, ku tambayi ma'aikacin lafiya.

Maganin yana da kyau idan an sha shi daidai. Idan ya yi yawa, hanta yake ci. Ga ƙa'idar babban mutum: ƙwaya 1 ko 2 a sha ɗaya. Tsakanin sha da sha aƙalla awa 4. A cikin awa 24, wato yini da kwana, kada a wuce ƙwaya 8. Mai ciwon hanta, da mai shan giya, da ramamme wanda bai kai kilo 50 ba, takwas ta yi musu yawa, likita zai faɗa musu nasu. Yaro ma nasa daban ne.

Mu gwada. Baba ya sha biyu da ƙarfe 7 na safe. Yaushe zai iya ƙarawa? Ku ƙirga da yatsu: takwas, tara, goma, sha ɗaya. Ƙarfe 11. Ko kai na sarawa da ƙarfe 9, sai an jira.

To ga inda ake tuntuɓe. Kalmar nan ba a kwali ɗaya take ba. Tana cikin magungunan mura da yawa, tana cikin na ciwon jiki, tana cikin na ciwon haƙori da na ciwon mara. Sunan da aka rubuta da manyan haruffa a gaban kwali sunan kamfani ne ya raɗa masa. Abin da ke ciki an rubuta shi da ƙananan haruffa a ƙasa, ko a gefe, ko a bayan katin maganin mai ƙyalli. Can za ku kai ido.

Wani dattijo mai dakon buhunan dankali a kasuwar Farin Gada ya taɓa zuwa aji da leda a aljihu. Ya zazzage a kan benci: na ciwon jiki, na mura, da wasu ƙwayoyi tsirara da aka haɗa masa a kemis. Muka juya kati na farko, ya bi da yatsa, ya tsaya, ya ce, "Malam, ga ta." Muka juya na biyu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ga ta kuma." Biyu-biyu yake sha daga kowane, sau uku a rana. Ku lissafa da ni: biyu da biyu huɗu, huɗu sau uku 12. Ya wuce takwas tun ba a sa na haɗin ba, wanda ba shi da suna balle a karanta. A zatonsa magani uku daban yake sha. Shi da kansa ya gano, da karatun wata huɗu kacal, kuma ku ma za ku iya.

Saboda haka kafin ƙwaya ta shiga baki: a juya kwali, a nemi kalmar da ta fara da P, a duba lamba, a ƙirga. In ta fito a kwali biyu, ɗaya za a sha a ajiye ɗaya. Ku maimaita da baki. A juya, a nema, a duba, a ƙirga.

Ga dabara ga mai mantuwa. Duk ƙwayar da kuka haɗiye, ku ja layi ɗaya da fensir a jikin kwali. Biyu, layi biyu. Layi ya kai takwas, an rufe sai awa 24 sun cika daga shan farko.

Zan faɗi wata magana, ku yi haƙuri da ni. Duk ajin da na koyar, idan na ce gobe kowa ya zo da kwalin maganin gidansa, 'yan kaɗan ke zuwa da shi. Sauran su ce sun manta, ko su ce ai sun san maganin da launinsa. Launi ba karatu ba ne. Farar ƙwaya iri nawa ce a kemis? Kun bar sana'arku, kun tako cikin sanyi daga Gangare, daga Rikkos, daga Unguwar Rogo don ku koyi karatu, sannan takardar da ta shafi ranku ku ƙi dubawa? Wallahi abin yana damuna. Idan mai kemis zai ɓare ƙwayoyi ya zuba muku a leda, ku ce ya bar su a katinsu, ko ya rubuta sunayen. Kuɗinku ne, hantarku ce.

Wanda ya gano ya wuce ƙa'ida sosai, ko yaro ya haɗiye da yawa, a tafi asibiti nan take da kwalin a hannu. Kada a ce ai yana wasa lafiya. Ɓarnar sai bayan kwana biyu ko uku take bayyana, maganin karya ta kuwa ya fi aiki a cikin awa 8 na farko.

Darasi na 3: Gwaji da allura

Akwai ciwon hanta da ƙwayar cuta ke kawowa. An raɗa wa ire-irensa haruffa. A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga. B da C ta jini: reza ɗaya ga mutum biyu, askar wanzami da ba a dafa ba, ƙaho, kayan mai yankan farce, allurar da aka maimaita. B yana kuma bi ta saduwa, da daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Ba a ɗaukarsa ta musabaha ko cin tuwo a kwano ɗaya, don haka a daina ware wa mai shi cokali.

Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da B. A ajin mutum 25, biyu ke nan. Yawancinsu ba su sani ba.

Gwajin na ɗan jini ne. Ana yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da wasu wuraren. A takarda za ku ga HBsAg, sunan gwajin B ke nan. Ku rubuta haruffan biyar. Abin da ke gabansu ku bari ma'aikaci ya karanta muku, ku ce ya maimaita da Hausa. Wanda aka samu da B akwai ƙwayoyin da ke danne shi, likita ne zai duba ko lokacin farawa ya yi. C kuwa ana warkewa da ƙwayoyin kimanin wata uku.

Wanda ba shi da B sai allurar rigakafi, guda uku: yau, bayan wata 1, sannan wata 6 daga ta farko. In an fara a Janairu, ta biyu Fabrairu, ta uku Yuli. Ku rubuta watannin a bangon littafinku, domin ta ukun ce ake yasarwa. Jariri a yi masa cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu. Kada a jira suna.

Kafin mu wuce: ƙwaya nawa ce iyaka? Awa nawa tsakani? Wanda ya yi shiru ya koma darasi na 2.

Darasi na 4: Gyaɗa da masara

Damina a Jos tana da tsawo, ɗaki ya yi danshi, hatsi ya yi fumfuna. Fumfunar gyaɗa da masara tana fitar da guba mai suna afulatoksin, wadda ke jawo kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da B. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka. In za ku auna a kasuwar Katako, ku zuba a tafin hannu ku duba. A gida a baza a faranti a tsince wadda ta yi baƙi, ta yi kore, ta yanƙwane ko ƙwaro ya huda. A zubar. Kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli ko kunu da ita, kada a ba dabba. Wadda ta yi ɗaci a baki a tofar. A shanya a kan tamfal, a ɗora buhu a kan katako nesa da bango.

Darasi na 5: Sukari da tafiya

Kitse na taruwa a hanta ko ga wanda bai taɓa shan giya ba, musamman mai teɓa da mai ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake zubawa kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a rana, 6 ya fi. Ku ƙirga na shayin safe, ku rage lemon kwalba. Kabeji, karas, latas, acca da wake duk muna da su a garin nan. Tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako. Ku lissafa jimillar: 150.

Darasi na 6: Giya da haɗe-haɗe

Giya, burkutu da ogogoro suna ƙona hanta. Mai sha ya nemi taimako ya bari. Ruwan magani na jarka da ake talla da lasifika, wanda ba a rubuta abin da ke ciki ba, a bar shi. Mai ciwon shawara asibiti zai je.

Aikin gida: a zo da kwalin magani biyu ranar Litinin. A ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta fara da P, a kewaye lambar. Wanda bai samu kwali ba ya aro na maƙwabta.