Yadda Wanda Aka Zalunta Zai Nemi Haƙƙinsa a Shari'a

Wanda aka yi wa fashi ko duka ko fyaɗe yakan shiga ruɗani, kuma a cikin wannan ruɗanin ne hujjoji suke salwanta. Saboda haka matakin farko shi ne ka garzaya asibiti ko da kana ganin raunin bai taka kara ya karya ba, ka roƙi likita ya rubuta duk abin da ya gani a jikinka, domin takardar nan ce za ta tsaya maka a gaban alƙali bayan ciwon ya warke.

Idan fyaɗe ne, jinkiri haɗari ne babba. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 kuma a sha har kwana 28, na hana ɗaukar ciki na gaggawa kuwa ba ya wuce kwana 5. Na san babu abin da zuciya take so a lokacin kamar wanka, amma a daure har likita ya gama dubawa. Tufafin kuma a ajiye su a jakar takarda, domin leda tana riƙe danshi ta ɓata shaida.

Daga nan sai ka kai rahoto wurin 'yan sanda. Kada ka sa hannu a jawabinka sai ka karanta shi ko an karanta maka, sannan ka karɓi lambar ƙarar da sunan jami'in da ke bincike. A ranar ka rubuta lokaci da wuri da waɗanda suka gani, ka ɗauki hoton raunin, kada kuma ka goge saƙon barazana daga wayarka komai ɗacinsa.

Mataki na uku shi ne sanin abin da ya zama haƙƙinka. A ranar 29 ga Nuwamba 1985 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 40/34, wanda ya ce mutum yana da matsayin wanda aka zalunta ko da ba a kama mai laifin ba, kuma matsayin yakan haɗa da iyalinsa. Ƙudurin ya nemi a riƙa sanar da shi inda shari'a ta kwana, a saurari ra'ayinsa, a kare sirrinsa da lafiyarsa, a kuma mayar masa da abin da ya rasa. Sai dai kowace ƙasa da dokarta, don haka ka nemi lauya, idan babu hali ka tambayi ofishin taimakon shari'a na kyauta.

Ka adana rasidin asibiti da na magani, domin da su ake neman diyya, kuma neman yakan kasance da wa'adi. Idan barci ya ƙaurace maka ko fargaba ta hana ka fita, ka faɗa wa likitan nan ya tura ka wurin ƙwararre kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ka kuma nemi wani amintacce ya raka ka kotu ranar zama.