Jikin Ɗan Adam da Baƙin Halittun Cikin Fim

A finafinan da ake kallo a waya da gidajen kallo akwai wani rukuni da ake kira ƙagaggun labaran kimiyya. A cikinsu ake nuna baƙin halittu da suka taso daga wata duniya: wasu da ƙaton kai da manyan baƙaƙen idanu da siraran ƙafafu, wasu kamar ƙwari, wasu kuwa mutane ne sak, sai dai kunne mai tsini ko shuɗiyar fata.

Waɗannan ba aljanu ba ne. Maganar aljanu ta addini ce, tana da nata gurbin. Su waɗannan marubuta ne suka zauna suka ƙirƙiro su. A 1995 aka gano duniya ta farko da ke kewaya wata tauraruwa irin ranarmu, yanzu kuma an tabbatar da sama da 5,000, amma har yau ba a samu wani abu mai rai a wajen duniyarmu ba. Saboda haka bidiyon da aka turo muku ana cewa an kama baƙon halitta ba hujja ba ce. Abin da za mu yi a wannan darasi shi ne mu auna waɗannan halittu da jikinmu, domin a wajen awon ne mutum zai san yadda nasa jikin yake aiki.

Numfashi da jini

Ku fara da kanku. Ku ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a cikin wuyan hannu, daidai gindin babban yatsa. Za ku ji bugun zuciya. Ku ƙirga bugun na daƙiƙa 30, sannan ku ninka sau biyu. Baligi mai lafiya da ke zaune zai samu tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya. Kada a sa babban yatsa, domin shi ma yana da nasa bugun, lissafi zai rikice. Wanda ya shigo aji da sauri ya huta minti biyar tukuna.

Wannan bugu jini yake turawa, kusan lita 5 a jikin baligi, kuma babban aikin jinin shi ne kai iskar oksijin ko'ina cikin jiki. Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ce. In ta yanke wa ƙwaƙwalwa na minti 4 zuwa 6, ƙwaƙwalwar ta fara lalacewa. A duniyar Mars kuwa kashi 95 cikin 100 na iskar, iskar kabon ce, irin wadda muke fitarwa, kuma iskar can ba ta kai kashi 1 cikin 100 na kaurin tamu ba. To duk fim ɗin da ya nuna mutum ya sauka wata duniya ya cire hular kariya yana shaƙar iska, ko baƙo ya sauka nan yana hira ba wata matsala, ya tsallake tambaya mafi girma.

Jininmu ja ne saboda sinadarin ƙarfe da ke kama oksijin. A jerin finafinan Star Trek, da aka fara nunawa a Amurka a 1966, akwai wani mai suna Spock da aka ce jininsa kore ne saboda jan ƙarfe. A nan marubutan ba su yi nisa da gaskiya ba. Kunama da ƙaguwa da dodon koɗi, su ma jininsu da jan ƙarfe yake ɗaukar iska, sai dai launinsa shuɗi-shuɗi ne, ba kore ba.

Girma da nauyi

Nan ne finafinai suka fi yin kuskure. Idan aka ninka tsawon halitta sau biyu ba a canza siffarta ba, nauyinta zai ninku sau 8, amma kaurin ƙashin da ke ɗauke da ita sau 4 kawai zai ninku. Duk magini ya san haka: in katanga za ta yi tsawo, dole gindinta ya yi kauri. Shi ya sa ƙafar giwa take a miƙe da kauri, ta barewa kuwa siririya. Ƙaton baƙo mai ƙafafun gizo-gizo da zai taka ƙasarmu, ƙafafun ne za su fara karyewa.

Ƙwaro mai girman doki kuma numfashi ne zai gagare shi. Ku samo fara ku duba gefen cikinta da kyau. Za ku ga 'yan ƙananan ramuka a jere, ɗaya a kowace gaɓa. Ta nan take numfashi, ba ta da huhu. Iska na bin wasu siraran bututu ne har cikin naman jikinta. Wannan tsari yana aiki ne a ƙaramin jiki. In jiki ya yi girma ƙwarai, iskar ba za ta isa can ciki ba.

Ƙashinmu, guda 206 a jikin baligi, an gina shi ne daidai da ƙarfin da ƙasa ke jawo mu da shi. Mai nauyin kilo 60 zai ji kansa kamar kilo 10 a duniyar wata, kamar kilo 23 a Mars. Ga mai ji sai ya ce daɗi ne, amma jiki yana biyan kuɗinsa. 'Yan sama jannati da ke zaune a tashar sararin samaniya, kusan kilomita 400 daga ƙasa, suna rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwarin wasu ƙasusuwansu duk wata in ba su motsa jiki ba, don haka suke motsa jiki kusan awa 2 kullum.

Ƙaton kai da haihuwa

Ana ba baƙin halittu ƙaton kai don a nuna sun fi mu basira. Amma ƙwaƙwalwa tana da tsada. Tamu kusan kilo 1.4 ce, wato kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Halitta mai kai ninki uku da ɗan ƙaramin baki da shafaffen ciki, da me take ciyar da wannan ƙwaƙwalwa?

Sannan ta ina aka haife ta? Ungozoma ta fi kowa sanin cewa kan jariri ne abin da ya fi wuyar fita. Bayan sati 40 na ciki, ana haihuwar jariri ƙasusuwan kansa ba su gama haɗuwa ba, don su iya matsewa a hanya. Wurin nan mai taushi da muke kira maɗiga shi ne shaida, kuma yakan rufe wajen wata 18. Ƙwaƙwalwar jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ce na ta babba. Saura a waje take girma, a goye, a cikin mutane. Wannan doguwar ƙuruciya ita ce ƙofar da harshe da tarbiyya suke shiga.

Akwai kuma maganar aure tsakanin mutum da baƙo. Shi Spock ɗin, a labarin, uwarsa 'yar Adam ce, ubansa ɗan wata duniya. Ku auna da alfadari. Doki yana da ƙunshin ƙwayoyin gado 64, jaki 62, alfadarin da suka haifa 63, kuma kusan duk alfadarai ba sa haihuwa. Doki da jaki 'yan uwa ne na kusa, ga shi abin ya tsaya a ɗa ɗaya. Mutum yana da 46. Halittar da ba ta haɗa asali da komai na duniyar nan ba, babu ta inda za ta haihu da shi.

Game da cuta, marubucin Ingila H. G. Wells ya yi tunani mai kyau a littafinsa na 1898, inda mahara daga Mars suka fi ƙarfin bindigogi amma ƙwayoyin cutar duniyarmu suka kashe su. Masana ba su ɗauki irin wannan batu da wasa ba: a 1969, mutum ukun da suka dawo daga tafiyar farko ta sauka a wata, sai da aka killace su har aka cika kwana 21.

Jiki ɗaya, al'adu barkatai

Ku lura da yadda ake zana al'ummar baƙi. Duniya guda sukutum, harshe ɗaya, tufafi iri ɗaya, hali ɗaya. Waɗannan duk mayaƙa ne, waɗancan duk masu sanyin lissafi ne da ba sa fushi. Harshen Klingon, na mayaƙan Star Trek, masanin harshe Marc Okrand ne ya tsara shi, har ya fitar da ƙamusunsa a 1985.

Ɗan Adam akasin haka yake. Duk mutum biyu da aka ɗauko daga ko'ina, ƙwayoyin gadonsu sun yi daidai da kusan kashi 99.9 cikin 100, ana iya ƙara wa wannan jinin wancan in rukuninsu ya dace. Amma harsunan duniya sun kai kusan 7,000, Najeriya kaɗai tana da sama da 500. Hausar ma, Basakkwace da Bakano da Badamagare kowa da bakinsa. Kuma ba a cikin jini harshe yake ba: jaririn da aka haifa a Katsina in aka rene shi a Sin, Sinanci zai tashi da shi.

Al'ada ma tana iya taɓa jiki in ta daɗe. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya cikinsu ba ya narkar da sukarin ɗanyar madara da kyau, sai kumburi da gudawa. A cikin al'ummomin da suka yi dubban shekaru suna kiwo, kamar Fulani da mutanen arewacin Turai, da yawa suna shan ta lafiya har tsufa. Sauran kuma suka samo dabara: in madara ta kwana ta yi tsami, ta zama nono ko kindirmo, sukarin ya ragu.

Wannan zane na al'umma mai hali ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, kuma muna so a tattauna shi a aji. Wanda idonsa ya saba da shi a fim, ba wuya ya ɗauko shi ya ɗora wa maƙwabta, ya ce ƙabila kaza duk haka suke. Babu wata al'ummar 'yan Adam da aka taɓa samu haka.

Me ya sa yawancin baƙin suke da hannu biyu da ƙafa biyu da fuska irin tamu? Domin ɗan wasa ne ya sa kaya, kuma mai kallo ya fi gane fushi da tausayi a fuskar da ta yi kama da tasa.

Aikin yi

Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya naɗe babban yatsansa a cikin tafin hannu, a ɗaure da ƙyalle ba da ƙarfi ba, hannu biyun duka. Sai ya gwada sa maɓallin riga, zura zare a allura, da rubuta sunansa. Ɗayan ya rubuta daƙiƙa nawa kowane aiki ya ɗauka, sannan a kwance a sake, a kwatanta. In yatsa ya fara sanyi ko tsami, an matse ɗaurin da yawa, a sassauta.

Bayan haka kowa ya zaɓi baƙon halitta ɗaya da ya taɓa gani a fim, ya rubuta jimla huɗu a kansa: wace iska yake shaƙa, me yake ci, ƙafafunsa za su ɗauki nauyinsa ko kuwa, kuma da irin hannun da aka ba shi zai iya ƙera jirgin da ya kawo shi. A kawo a karanta a zama na gaba.