Babi na 7: Jinyar Kare Bayan An Yi Masa Aiki

Darasi na 1: Ranar da aka dawo gida

Karenka na farauta ya gamu da gadu a daji ya farke masa ciki, ko karyarka ta kasa haihuwa. Likitan dabbobi ya yi aiki, ya ɗinke. Nasa ya ƙare, saura naka.

Yau za ka ga karen yana tangaɗi. Kada ka tsorata, allurar barci ce ba ta gama sakinsa ba. Shimfiɗa masa buhu mai tsabta a inuwa, ba a kan turɓaya ba. Ba shi ruwa kaɗan. Da dare ka ba shi rabin abin da ya saba ci. In ya ƙi, ƙyale shi sai gobe.

Darasi na 2: Kada ya lashi ɗinkin

Jama'a, a nan kuke faɗuwa, saboda haka mu tafi sannu a hankali.

Kare zai so ya lashi ciwonsa. Mutane suna cewa yawun kare magani ne. Ba magani ba ne. Bakin da ya ci mushe jiya, shi ne zai warkar da ɗinki yau? Harshensa yana jiƙa wurin, haƙoransa suna tsinke zaren, ciwo ya buɗe.

A asibiti akan sa wa kare wata roba mai kama da mazurari a wuya. In ba ka samu ba, ga yadda za ka yi. Nemo bokitin roba marar nauyi. Yanke gindinsa daidai yadda kan karen zai shiga. Naɗe bakin yankan da tsumma don kada ya goge masa wuya. Huda ƙananan ramuka 4, ka zura igiya, ka ɗaure a jikin abin wuyansa. Sa yatsunka 2 tsakanin igiyar da wuyan. Sun shiga? Madalla, ka iya. Ba su shiga ba? Sassauta. Bakin bokitin kuma ya zarce hancinsa.

Zai yi kuka, zai yi ta karo da bango. Kwana ɗaya ko biyu ne ya saba. Kada ka cire.

Karanta da ƙarfi, sannan ka kwafa sau 3 a littafinka:
Ba zan cire bokitin ba sai likita ya cire zare.

Da dare fa? Da dare ma yana nan a wuyansa. Da dare ne ma ya fi lasa, lokacin kana barci. In bokitin ya hana shi cin abinci, ɗora kwanon a kan bulo. In dole sai ka cire, tsaya a kansa har ya gama, ka mayar nan take.

Bara wani ɗalibina, magidanci da furfurarsa, ya ce tausayi ne ya kama shi, ya cire "na dare ɗaya kawai". Da asuba ɗinkin ya warware, aka koma asibiti, aka sake biyan kuɗi. Na faɗa a aji, na rubuta a allo, amma kullum sai an samu mai kunnen ƙashi. Haba jama'a! Kwana 10 zuwa 14 ne fa duka-duka. Sake kwafa jimlar nan ta sama.

Darasi na 3: Duba ciwo da ba da magani

Safe da yamma ka duba wurin, ka wanke hannu da sabulu kafin da bayan. In wurin ya yi ja kaɗan, ba komai. Kumburi mai ƙaruwa, mugunya, wari ko jini, sai asibiti. Kore ƙuda, suna yin ƙwai a ciwo ya yi tsutsa. Kada ka zuba baƙin mai ko toka. Kada ka yi masa wanka. Maganin ciwon jikinka, irin su ibuprofen, guba ne ga kare. In likita ya rubuta "sau 2 a rana" a kan maganin karen, yana nufin safe da dare, ba biyu a lokaci guda ba.

Bokitin yana nan? To.

Darasi na 4: Zagayawa da shi

Da igiya kullum, gajera. Minti 5 zuwa 10, ya yi fitsari da kashi ku dawo. Fita bayan asuba ko bayan la'asar, ƙasa ba ta da zafi. Ba gudu, ba tsalle, ba wasa da sauran karnuka. Farauta sai likita ya yarda.

Darasi na 5: Cire zare

Koma asibiti ranar da aka rubuta a katinka. Kada ka cire da reza a gida. Tambayi likita allurar rigakafin haukan kare tun da ka zo.