Yadda ake shirya gona don farfaɗo da daji da sayar da kiredit na halittu a ƙasar Daura

Kiredit na halittu shaida ce da ake aunawa, cewa wani fili ya ƙaru da itatuwa, ciyayi, tsuntsaye da ƙananan namun daji, sai kamfani ya biya wanda ya kula da filin. Maganar ta yi ƙarfi bayan yarjejeniyar kare halittu da ƙasashen duniya suka cimma a birnin Montreal na Kanada a Disambar 2022. A Ingila ma ta zama doka tun Fabrairun 2024: dole yawancin masu gini su ƙara wa muhalli kashi 10 cikin 100 a kan abin da suka tarar, manomin da ya sayar musu da wannan ƙarin daga filinsa kuma zai riƙe filin shekara 30. A nan babu dokar da ta tilasta wa kowa saye, sai wanda ya ga dama. Saboda haka ka tsara aikin yadda gonar za ta amfane ka ko mai saye ya zo ko bai zo ba.

Mataki na farko takarda ce, ba shuka ba. Gonar aro, ta haya ko ta jingina ba ta ɗaukar alkawarin shekara 20 ko 30. Gonar gadon da ba a raba ba ta fi su haɗari, don ranar da kuɗi suka shigo, ɗan'uwan da ke Legas zai tuna yana da kaso. A tara magada, a rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa da dagaci, har da yadda za a yi idan mai sa hannun ya riga mu gidan gaskiya. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallakar gonakin karkara, ka neme ta.

Na biyu, ku haɗu. Kuɗin masu awo da masu tantancewa ya fi ƙarfin mai hekta biyu. Ƙungiyar manoman da gonakinsu ke maƙwabtaka, a Baure ko Zango ko Sandamu, ita ce za a saurara.

Na uku, kuma nan ake yawan asara: a ƙirga abin da ke filin kafin a taɓa komai. Mai saye ba ya biyan abin da ya tarar, ƙarin yake biya, kuma ba a gane ƙari sai an san mafari. A ɗauki iyakar kowace gona da GPS na waya. A ƙirga itatuwa iri-iri, a auna kaurinsu daidai ƙirji. A kafa turaka a wasu wurare, a ɗauki hoto daga kansu, fuska ɗaya, a watan Satumba da ciyawa ta cika da kuma watan Afrilu da ƙasa ta tsiraita. Tsuntsaye da sassafe ake ƙirga su. Ku nemi malamin tsirrai ko ɗalibansa daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsinma su sa hannu, sannan ku zauna da dattawa su lissafo abin da ya ɓace, irin su marke, kanya da zabin daji. Wannan lissafin shi ne taswirar inda kuka dosa.

Sai rabon fili. Kada a taɓa tsakiyar gonar gero. A ware faƙo, bakin kwazazzabo, iyakoki da gefen fadama.

Na biyar shi ne aikin kansa, kuma ni dai ban ga abin da ya kai sassabin zamani ba, wato renon tohon kututture maimakon sare shi. Da shi manoman Maraɗi da Damagaram, nan tsallaken iyaka, suka mayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili wajen hekta miliyan 5 daga shekarun 1980. Lokacin sharar gona, idan ka iso kututturen kalgo ko sabara ko magarya da ya yi toho, kada ka sassabe shi duka. Zaɓi reshe uku zuwa biyar masu ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi, sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya ɗaye, ka ɗaura ƙyalle a jiki don yara da masu itace su san mai shi na so. Saiwarsa ta riga ta yi zurfi, ba ya jiran ban ruwa. Ɗan gawon da ya tsiro a kunya kuwa, kewaye shi da ƙaya: yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma ’ya’yansa abincin dabbobi ne. A faƙo a haƙa rami mai siffar rabin wata, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, a zuba taki, a watsa irin gamba da kyasuwa. Dashen kuka, aduwa, tsamiya da ɗanya sai ruwa ya zauna, wajen Yuli. Darbejiya da turare suna da amfaninsu, amma baƙi ne, ba su ake nema a wannan lissafin ba.

Kafin kaka ku zauna da ardo. Shirin da ya toshe burtali rigima ya shuka. A yarda a kan watannin kiwo, da wurin da za a yanka ciyawa a kai wa dabbobi, makiyaya su ma su san rabonsu a ciki.

Daga nan a nemi mai rajista. Plan Vivo da Verra, ƙungiyoyin ƙasashen waje masu yi wa irin waɗannan ayyuka rajista, suna da ƙa'idojin irin wannan kiredit, kuma yawanci ta hannun wata ƙungiya mai shirya aikin ake shiga. Ofishin ACReSAL, shirin gwamnati da Bankin Duniya na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a Arewa, da na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa mai yaƙi da kwararowar hamada, su ma wuraren tambaya ne don dashe da horo. Duk wanda ya ce ku biya kuɗin fom tukuna, ku sallame shi. A kai yarjejeniyar wurin lauya, ya duba kason da zai iso hannun manomi da lokacin biyansa, wanda zai ɗauki asara idan fari ko gobara ta ci filin, da kuma ko an bar muku ’yancin tsinkar kuka, ɗibar magarya da sassaƙar reshe don girki.