Babi na 6: Yadda ake ɗauko kati ɗaya daga rumbun bayanai na intanet

Wannan babin na waɗanda suka riga suka girka Python a kwamfutarsu ne, kuma suka iya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni. Wanda bai kai nan ba ya koma Babi na 5, babu kunya a ciki. Sannu ba ta hana zuwa.

Misalinmu na gida ne, duk wanda ya taɓa zama a ofishin kago a Jidda ya san shi. Hajiya ta yi sayayya a kasuwar Bab Sharif, ta kai buhunanta, an auna, an ba ta rasit mai lamba. Bayan sati uku ta bugo waya daga Kano tana tambayar inda kayanta suka kwana. Mai ofis ba ruwansa da kayan mutum dubu a wannan lokacin, katin Hajiya kaɗai yake nema. Za mu rubuta ɗan shiri da zai je ya ɗauko wannan katin ya nuna mana.

Darasi na 1: Ina bayanan suke?

Za ku ji ana cewa bayanan suna cikin gajimare. Ba sama suke ba. Manyan kwamfutoci ne a cikin gini, ana isa gare su ta intanet. Google ya buɗe irin wannan wuri a Dammam a 2023. Rumbun da za mu yi aiki da shi sunansa Firestore, na Google ne, yana cikin Firebase, wato dandalin Google na masu haɗa manhaja.

Ku ɗauke shi kamar kabad ɗin ofis. Kowace durowa da sunanta, ita ce za ku gani a shirin an rubuta collection. A cikin durowa akwai katuna, kati ɗaya shi ne document. Kowane kati da lambarsa a goshi, kuma ba a samun kati biyu masu lamba ɗaya a durowa ɗaya. Cikin katin kuma akwai gurabe da aka cike: gari, nauyi, hali. Durowarmu sunanta kaya, katin da muke nema lambarsa JD-1047.

Darasi na 2: Mabuɗi

Ku buɗe baƙin allo ku rubuta wannan, sannan ku danna Enter:

pip install firebase-admin

Rubutu zai yi ta gudu a allon. Ku bar shi, ba lalacewa ya yi ba. In ya tsaya, an gama.

Kabad ba ya buɗuwa sai da mabuɗi. Ku shiga shafin Firebase, ku zaɓi aikinku, wato project ɗin da rumbun yake ciki, ku danna alamar nan mai kama da taya mai haƙora, ku shiga Project settings, daga nan Service accounts, sai ku danna Generate new private key. Wani fayil zai sauko, ƙarshen sunansa .json. Ku canza masa suna zuwa mabudi.json, da d mara lanƙwasa, don ya yi sauƙin bugawa. Ku ajiye shi a folda ɗaya da shirinku. Ku lura, Windows yakan ɓoye ƙarshen sunan fayil, mutum ya ƙara .json da hannunsa, sunan ya koma mabudi.json.json bai sani ba.

Wannan fayil mabuɗin gida ne gaba ɗaya. Mai riƙe da shi zai iya karantawa, ya canza, ya goge, dokokin tsaron da aka sa wa rumbun ba sa tare shi. Kada ku tura shi ta WhatsApp, ko ga wa. In ya fita hannunku, a soke shi a yi sabo.

Darasi na 3: Shirin, da maganar lamba

Ku buɗe sabon fayil mai suna nemo.py ku kwafi wannan, layi bayan layi:

import firebase_admin
from firebase_admin import credentials, firestore

mabudi = credentials.Certificate("mabudi.json")
firebase_admin.initialize_app(mabudi)
rumbu = firestore.client()

kati = rumbu.collection("kaya").document("JD-1047").get()

Layi biyun farko suna kawo kayan aiki. Ukun tsakiya suna nuna mabuɗi, suna buɗe ƙofa. Na ƙarshe shi ne aikin: shiga durowar kaya, nufi kati mai lamba JD-1047, ɗauko shi. Kalmar get ce take fita intanet. Kafin ita babu abin da ya bar kwamfutarku.

To, iyayena da yayyena, a nan za mu daɗe, domin a nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa. Lambar da kuka rubuta dole ta zama daidai da wadda ke goshin katin, harafi da harafi. Kwamfuta ba ta san "ai kusan ɗaya ne" ba. Yaron ofis in ya ga jd 1047 zai gane nufinku, ita kuwa ba za ta gane ba.

Ku fara da alamun zance, wato ƙananan zane biyun nan (") da ke gaba da bayan lambar. Lambar kati rubutu ce, ba lissafi ba, ko da kuwa alƙaluma ne zalla. In kun cire alamun kuka rubuta JD-1047 tsirara, Python zai ɗauka cewa kuka yi a ɗebe 1047 daga wani abu mai suna JD, sai ya tsaya ya ce NameError. Ku mayar da alamun. Ɗaya a gaba, ɗaya a baya.

Sai babban baƙi da ƙarami. JD-1047 daban, jd-1047 daban, Jd-1047 ma daban. Kati uku ke nan a wurin Firestore. Ku dubi allon Firebase, ku dubi shirinku, ku gwada su harafi da harafi.

Sai fili. In kun kwafo lambar daga saƙon waya, sau da yawa wani ɗan fili yakan biyo ta a ƙarshe. Ido ba ya ganinsa, kwamfuta kuwa tana ƙirga shi a matsayin harafi. Haka sifili da harafin O, haka 1 da ƙaramin l. A rasit ɗin da aka rubuta da biro kamarsu ɗaya.

Akwai kuma wanda ya fi damun mu a nan Saudiyya. Wayar da ke kan rubutun Larabci takan buga ١٠٤٧ a madadin 1047. Ku da ni mun san adadi ɗaya ne, dubu da arba'in da bakwai. A wurin kwamfuta haruffa ne daban kwata-kwata, katin da aka ajiye da 1047 ba zai amsa kiran ١٠٤٧ ba.

Kada kuma ku sa layin nan mai karkata a tsakiyar lamba, irin JD/1047. Firestore yana amfani da shi wajen raba durowa da kati, don haka zai ƙi karɓa.

Kada ku karaya. Kowa sai ya yi wannan kuskuren kafin hannunsa ya faɗa. Ga maganin da zai rage muku wahala idan mutum ne zai riƙa buga lambar, ku sa shi a madadin layin ƙarshe na shirin:

lamba = input("Lambar rasit: ")
lamba = lamba.strip().upper()
lamba = lamba.translate(str.maketrans("٠١٢٣٤٥٦٧٨٩", "0123456789"))
kati = rumbu.collection("kaya").document(lamba).get()

Kalmar strip tana share fili a gaba da baya, upper tana mai da haruffa manya, layi na uku yana juya alƙaluman Larabci zuwa na boko. A nan lamba ba ta da alamun zance, domin suna ne da ke riƙe da abin da aka buga. Amma upper tana da amfani ne kawai idan da manyan baƙaƙe aka ajiye katunan tun farko. Kuma babu ɗaya cikin ukun da zai mai da O sifili. Wannan aikin idonku ne.

Yanzu ku ajiye linzami ku ɗauki takarda. Ku rubuta lambar yadda take a allon Firebase. Ƙarƙashinta ku rubuta yadda take a shirinku. Ku sa yatsa ku bi: J da J, D da D, ɗan layin tsakiya, sannan 1, 0, 4, 7. Ku sake bi. Ana faɗa ana maimaitawa, amma duk da haka sai a sami wanda zai ɗaga hannu ya ce rumbun ya lalace, a je a duba a tarar da ƙaramin j ya buga. Malam, rumbun lafiyarsa ƙalau. Gaggawa ce ta yi maka yawa. Minti ɗaya na dubawa ba zai hana ka sallar Isha'i ba.

Darasi na 4: A tambaya ko katin yana nan

Abin da ya sa kuskuren lamba yake wahalarwa shi ne Firestore ba ya ƙorafi. In babu kati mai wannan lambar, get ba ta tsayawa da kuskure, ambulan take miƙo muku babu komai a ciki. Saboda haka ku tambaya kafin ku buɗe, ku ƙara wannan a ƙarshen shirin:

if kati.exists:
    bayani = kati.to_dict()
    print(bayani.get("gari"), bayani.get("nauyi"), bayani.get("hali"))
else:
    print("Babu kati mai wannan lambar")

Layukan da suka matsa ciki, fili huɗu ne a gabansu, ku ƙirga. Kalmar exists ba a sa mata baka, wato (), a baya. Wanda ya tsallake wannan tambayar, to_dict za ta ba shi None, wato babu, da ya nemi gari a ciki shirin ya faɗi da saƙo mai ɗauke da kalmar NoneType. Duk sanda kuka ga NoneType a wannan aikin, ku koma Darasi na 3 ku duba lambar, harafi da harafi. Ku duba sunan durowa ma, Kaya da kaya ba ɗaya ba ne.

Ku ajiye fayil ɗin, ku rubuta python nemo.py a baƙin allo. In kun ga sunan gari da nauyi sun fito, madalla, kun ɗauko katinku na farko.

Darasi na 5: Kada a juye durowa

Wasu in lamba ta ƙi su sai su kwaso katunan durowar duka da umarnin stream, su bi ɗaya bayan ɗaya. Ku daina. Google yana ƙirga kowane kati da aka karanta, kyautar da yake bayarwa karatu 50,000 ce a rana. Durowa mai kati 5,000, in kun juye ta sau 10, kason ranar ya ƙare. Nema da lamba karatu ɗaya ne. Ko katin ba ya nan ana ƙirga ɗayan.

Darasi na 6: Saƙonnin kuskure

FileNotFoundError: mabuɗi ba ya folda ɗaya da shirin, ko sunansa ya bambanta. In saƙon ya ce app already exists, kun kira initialize_app sau biyu, sau ɗaya ake yi. In kun ga invalid_grant, ku duba agogon kwamfutar, ko kuma an soke mabuɗin. In shirin ya yi shiru ya daɗe, ku duba intanet.

Darasi na 7: Idan lambar rasit ba ita ce lambar kati ba

In wanda ya zuba bayanan bai ba katin lamba ba, Firestore yakan ƙirƙiro masa wata mai haruffa 20. A nan sai a nema ta gurbin da aka rubuta lambar rasit a cikin katin, a misalinmu sunansa rasit:

sakamako = rumbu.collection("kaya").where("rasit", "==", lamba).limit(1).get()

Jeri yake dawowa, ko da kati ɗaya ko babu komai. Ku duba kafin ku ɗauka.

Aikin gida: ku nemo kati uku da suke nan, da ɗaya da babu shi. Ku zo da takardar da kuka gwada lambobin a kai.