Yadda ake fitar da lissafin miƙaƙƙen layi a sigar y = mx + c

A wannan siga, m ita ce gangarar layi, wato yawan hawa ko saukar y idan x ya ƙaru da 1. Ita kuwa c, nan ne layin ke ratsa sandar y, wato layin tsaye na jadawali inda x yake sifili. Littattafan Amurka na sa b a madadin c, duk ɗaya ne.

A ce layi ya bi ta ɗigo (1, 5) da (3, 11), lambar farko a kowane ɗigo ita ce x, ta biyu y. Fara da gangara. Bambancin y, 11 − 5, ya ba da 6. Bambancin x, 3 − 1, ya ba da 2. Raba 6 da 2, m ta zama 3. Kula da jeri: in ka fara da ɗigo na biyu a bambancin y, fara da shi a bambancin x, in ba haka ba alamar za ta juye.

Sai ka zuba (1, 5) da m = 3 a cikin y = mx + c: 5 = 3(1) + c, ke nan c = 2. Amsa: y = 3x + 2. Gwada da x = 3, za ka ga 11.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne irin 2x + 4y = 8, su ce gangara 2 ce. A'a. Sai an ware y ita kaɗai, an raba kowane ɓangare da 4: y = −½x + 2.

Layi na tsaye kamar x = 4 ba ya shiga wannan siga, domin bambancin x sifili ne, kuma ba a rabawa da sifili.